Fayil, SQLite ko etcd: wane rumbu za ka ɗora laburaren saitunanka a kai?

A ce kana rubuta laburare, wato tarin ayyukan da wasu manhajoji ke kira, wanda zai riƙe saitunan albarkatun na'ura: wace manhaja aka yarje wa ƙwaƙwalwa nawa, wacce za ta sami rabin ƙarfin firosesa, wane katin sadarwa ke da wane adireshi. Yau saitunan suna cikin fayil guda a ƙarƙashin /etc. Gobe wani zai ce shi a SQLite, ƙaramin rumbun bayanai da ke zaune a fayil guda, yake son su, jibi wani ya zo ya ce na'urorinsa ɗari biyu ne, a ba shi etcd, rumbun da na'urori da yawa ke riƙewa tare kuma ake isa gare shi ta sadarwa. Daga nan sai dabara ta faɗo maka: a raba laburaren gida biyu, sama ya riƙa magana da manhajoji, ƙasa kuma ya zama rumbun ajiya da za a iya cirewa a sa wani.

Dabarar tana da kyau, kuma an daɗe ana yin ta. GSettings, tsarin ajiye saituna wanda ya shigo laburaren GLib a siga ta 2.26 a 2010, yana ajiya a rumbun dconf a kan Linux, a rajistar Windows a kan Windows, ko a fayil na rubutu, kuma manhajar da ke kiransa ba ta san bambanci ba. Labarin RPM, manhajar girka manhajoji a wasu rabe-raben Linux, ma ya isa hujja. Ya shafe shekaru yana ajiye jerin manhajojin da aka girka a Berkeley DB, sai Oracle ta mayar da lasisin sababbin sigogin zuwa AGPL a 2013, rabe-raben Linux da yawa suka tsaya a kan tsohuwar siga. Da RPM 4.16 ya fito a 2020 da rumbun SQLite, Fedora 33 ta koma kansa, openSUSE kuma ta ɗauki wani daban mai suna ndb. Masu buga rpm a kullum ba su canza ko harafi ɗaya ba a umarninsu.

Sai dai mafi yawan masu fara wannan aiki suna soma muhawara a kan rumbunan, alhali ba a nan gizo ke saƙar ba. Zaɓi biyu ne a gabanka, kuma na farkon shi ke yanke hukuncin na biyu: wane alƙawari kowane rumbu zai ɗaukar wa laburaren, sannan wane rumbu.

Mabuɗi ɗaya-ɗaya, ko duka a dunƙule

Hanyar da hannu ke fara kaiwa ita ce kira uku: karanto mabuɗi, rubuta mabuɗi, goge mabuɗi. Ba rumbun da zai gagara cika wannan, kuma cikin yini guda ka gama. Ni ma da ita na fara, kuma ga inda ta kayar da ni.

A cgroup v2, tsarin Linux na ƙayyade albarkatun manhajoji, akwai saituna biyu da ke tafiya tare. memory.high shi ne birki: idan manhaja ta haye shi, kenel, wato zuciyar Linux, zai rage mata gudu ya matsa mata ta saki ƙwaƙwalwa. memory.max kuwa bango ne: idan ta kai shi kuma ba abin da za a iya ƙwatowa, kashe ta ake yi. Wata hidima tawa, wato manhajar da ke aiki a bayan fage, tana da birki a 1G (gigabayit ɗaya), bango a 2G, na so in ɗaga su zuwa 3G da 4G. Laburaren ya rubuta mabuɗin farko, manhajar da ke rubutun ta mutu kafin na biyu. Abin da ya saura a rumbu shi ne birki a 3G, bango a 2G. Kowace ƙima daidai take in ka dube ta ita kaɗai, amma a haɗe birkin yana bayan bango. Da na'urar ta sake tashi ta ɗora wannan saitin, hidimar ta riƙa faɗuwa ba tare da ta taɓa jin birki ba, na kuma kwana biyu ina neman laifin a cikin hidimar, wadda ba ta da laifin komai.

Hanya ta biyu kira biyu ne kawai. Na farko: ɗauko mini duk saitunan wannan reshe, wato rukunin mabuɗai, tare da lambar juyi da ke nuna yanayin da na same su. Na biyu: ga tarin canje-canje, ga lambar da na gani, ka rubuta su duka ko ka bar su duka, in kuma lambar ta canza ka ƙi karɓa ka sanar da ni. Laburaren saituna na Elektra haka yake aiki da kdbGet da kdbSet, yana mayar da kuskuren karo idan wani ya riga ka rubutu. UCI, tsarin saitunan OpenWrt (Linux na na'urorin sadarwa), yana tara canje-canje a /tmp/.uci har sai ka ce uci commit. A etcd ana kwatanta lambar juyin mabuɗi kafin a zartar da rubutu.

Abin da ake kuka da shi a hanya ta biyu shi ne karanto abin da ba ka buƙata. Ga saitunan na'ura wannan kuka ba shi da nauyi, domin galibi ƙanana ne, kuma kana iya ɗaukowa reshe-reshe. Abin da take ba ka kuwa ba ya samuwa daga baya. Daga kiran dunƙule kana iya gina na mabuɗi ɗaya cikin layi biyar. Daga na mabuɗi ɗaya ba ka iya gina dunƙule, sai ka koma ka taɓa kowane rumbu da kowace manhajar da ta riga ta dogara da kai. Ni dai hanya ta biyu nake ba kowa shawara, ko da fayil ɗaya tak ne rumbunsa a yau.

Akwai abubuwan da bai kamata rumbu ya sa hannu a cikinsu ba: nau'in ƙima, ƙimar asali, da tantance ingancin abin da aka shigar. Dalili shi ne rumbunan ba su yarda da juna ba. Rajistar Windows ba ta bambanta babban harafi da ƙarami a sunan mabuɗi, fayil a kan Linux yana bambantawa. Rumbun LMDB a yadda aka saba harhaɗa shi ba ya karɓar mabuɗin da ya wuce bayit 511. A fayilolin saituna irin na INI komai rubutu ne. A tsarin fayil na YAML 1.1, kalmar no da ba a sa mata alamar zance ba tana zama ƙimar false, ko da lambar ƙasar Norway kake nufi. Idan ka bar wa kowane rumbu ya fassara da kansa, saiti ɗaya zai ba da ma'ana uku. Ka kafa dokar sunaye da nau'o'i a sama, mafi tsananin da kowa zai iya cikawa, rumbu ya karɓi bayit ya mayar da bayit.

Sannan batun kuskure, wanda na fi damuwa da shi a kan komai. "Babu wannan mabuɗin" da "ban iya isa rumbun ba" amsoshi ne daban. NSS, tsarin neman sunaye na laburaren glibc, mai karanta /etc/nsswitch.conf, ya raba sakamako huɗu: an samu, an duba babu, tushen ba ya aiki, a sake gwadawa. Ka kwaikwayi wannan. Idan rumbu ya ɗauke na daƙiƙa biyar, laburarenka kuma ya ce babu, sama zai ɗora ƙimar asali, kuma ƙimar asalin memory.max ita ce ba iyaka. Gara manhaja ta tsaya ta yi ƙorafi da ta ci gaba da saitin da ba wanda ya rubuta.

Fayil na rubutu

Alherin fayil yana bayyana ne ranar da komai ya lalace. Na'ura ta ƙi tashi, ka shiga ta hanyar ceto, ba sadarwa, ba wata hidima da ke aiki, amma editan vi yana nan, fayil ɗin kuma yana buɗuwa. Kana iya kwatanta na jiya da na yau, ka sa shi a git, ka rubuta bayani a gefen layi cewa an ɗaga wannan iyakar ne saboda aikin ƙarshen wata. Ba rumbun da ke ba mai kula da na'ura wannan kwanciyar hankali.

Wahalarsa tana wajen rubutu, kuma ta fi yadda ake zato. Ba a buɗe fayil a rubuta a kansa. Sai ka rubuta sabon fayil na wucin gadi a folda ɗaya da shi, ka kira fsync don bayanan su sauka kan faifai, ka yi rename ya maye gurbin tsohon, sannan ka sake fsync a kan foldar. A 2009, da tsarin faifai na ext4 ya fara yaɗuwa a Linux, mutane suka riƙa samun fayilolin saitunansu sun koma fanko bayan ɗaukewar wuta, saboda manhajoji da yawa sun tsallake fsync, sunan ya canza kafin abin da ke ciki ya sauka. Kenel 2.6.30 ya kawo sassauci, amma bai ɗauke maka nauyin ba. Wannan tsari kuma fayil ɗaya kawai yake karewa. Idan canjinka ya ratsa fayiloli biyu, ba dunƙule, don haka ko dai kowane reshe ya zauna a fayil guda, ko ka fito fili ka ce iyakar alƙawarin ke nan.

Sanarwar canji ma tana da tarko. Da yake rename sabon fayil yake kawowa, inotify, mai sa ido kan canjin fayil, da ka ɗora a kan tsohon zai ci gaba da gadin abin da ba kowa ke karantawa. Foldar ake sa wa ido. Kullen flock kuwa na masu mutunta shi ne kawai, mutumin da ya buɗe edita bai san da shi ba, shi ya sa dole ka sake duba ko fayil ɗin ya canza daf da maye gurbinsa.

Sai rigimar da ta fi kowacce ɓata wa mutane rai: bayanan gefe. Mutum ya tsara fayil ɗinsa da kyau, manhajarka ta karanta ta sake rubutawa, duk bayanansa sun tafi. Augeas an gina shi ne don wannan, yana gyara layin da ya canza ya bar sauran yadda suke, amma kowane irin fayil sai an rubuta masa nasa mafassarin. Mafita mai arha ita ce raba mallaka, irin yadda systemd, mai tada hidimomi a Linux, ke yi: na masu rarraba manhaja a /usr/lib, na mai kula da na'ura a /etc, na wucin gadi a /run. Ka ware wa laburarenka fayil ɗin da shi kaɗai ke rubutawa, ya riƙa karanta na mutum ba ya taɓa shi. Idan mutum ne babban marubuci kuma canji sai jifa-jifa, nan za ka tsaya, ba ka da dalilin wucewa gaba.

SQLite

Da zarar manhajoji biyu ko uku sun fara rubutu a lokaci guda, ko saitunan sun fara dogara da juna, fayil ya fara nishi. A nan SQLite ke shigowa. Rubutun dunƙule kyauta ne, lambar juyi layi ɗaya ne a tebur da kake ƙarawa a cikin rubutun, farfaɗowa bayan ɗaukewar wuta kuma an riga an yi maka. Ba sabon abu ba ne a wannan fage: SMF, mai kula da hidimomin Solaris 10, tun 2005, a /etc/svc/repository.db yake ajiye saitunan hidimomi, kuma SQLite ne a ciki.

Abubuwa uku ne ba ya ba ka. Ba ya sanar da wata manhaja cewa an yi canji, domin sqlite3_update_hook canjin da aka yi ta haɗinka kawai yake gani. Sai dai ka riƙa tambayar PRAGMA data_version lokaci-lokaci, ko ka yi abin da Solaris ya yi, ka sa hidima guda, svc.configd, ta zama mai tsaron ƙofa da kowa ke bi ta wajenta. Na biyu, marubuci ɗaya ne a lokaci guda, sauran za su sami SQLITE_BUSY, kuma wannan shi ne "a sake gwadawa" ɗinka, kada ka mayar da shi gazawa. Na uku, yanayin WAL da ya zo a siga ta 3.7.0 a 2010, wanda ke barin masu karatu su ci gaba yayin rubutu, yana ajiye ƙarin fayiloli biyu a gefe, masu ƙarewa da -wal da -shm. Ba ya aiki a kan faifan da aka haɗo ta hanyar sadarwa, yana iya ba da matsala a farkon tashin na'ura lokacin da ba a buɗe faifai don rubutu ba, kuma wanda ya kwafi babban fayil ɗin ya bar na -wal zai iya rasa canje-canjen ƙarshe.

Ka kuma tuna da mutumin nan da ke cikin hanyar ceto da vi a hannunsa. Ka ɗauke masa abin da ya saba. Bashinsa ne a kanka ka ba shi ƙaramin umarni da ke fitar da komai a rubuce ya kuma mayar, wanda ke aiki ba tare da wata hidima ta tashi ba.

LMDB da tsarin dconf ba zan daɗe a kansu ba. Dukansu suna shimfiɗa fayil a ƙwaƙwalwa ta mmap, karatu ya zama kusan kyauta. Dconf ya zaɓi haka ne saboda lokacin da mai amfani ya shiga kwamfutarsa manhajoji da yawa ke karanta saituna a tare, rubutu kuwa kaɗan ne, ana aika shi ta D-Bus. Idan ba ka auna ka ga karatu ne ke ja maka baya ba, ba ka buƙatarsu. LMDB zai sa ka ƙayyade girman taswirarsa tun farko, ka kuma riƙa share guraben masu karatun da suka mutu.

etcd ba sa'ansu ba ne

A takarda etcd ya fi kowa cika alƙawari. Yana da lambar juyi, yana da rubutu mai sharaɗi, yana da sanarwar canji ta gaske wadda za ka iya ci gaba da ita daga inda ka tsaya. Kubernetes, tsarin tafiyar da manhajoji a kan na'urori da yawa, a kansa yake. Etcd yana amfani da Raft, hanyar cimma matsaya ta rinjaye, don haka na'urori 3 suna jure mutuwar ɗaya, 5 suna jure biyu, in kuma rinjaye ya ɓace rubutu ya tsaya.

Amma ka dubi abin da laburarenka ke riƙewa. Adireshin katin sadarwa yana cikin rumbun da sai da sadarwa ake isa gare shi. Iyakar ƙwaƙwalwar hidimomin da ke tashi da farko tana wurin da bai amsa ba tukuna. Bayan haka, kiran da a fayil ke dawowa nan take, a nan yana iya ratayewa har wa'adi ya cika, kuma duk manhajar da aka rubuta da tunanin karanta saiti abu ne mai sauri za ta daskare. Sunayen kiran ba su canza ba, halinsu ya canza, kuma wannan ya karya ma'anar musanyawa.

Ga mai na'urori ɗari biyu, shawarata ita ce kada a sa etcd a layi ɗaya da sauran. A rubuta ƙaramin wakili da ke sauraron etcd, duk canjin da ya zo ya zuba shi a rumbun gida ta kiran dunƙule. Laburare ya ci gaba da karanta gida. Sadarwa ta yanke, na'ura na da saitin ƙarshe da ta sani, ta tashi da shi. Abin da ka biya shi ne ɗan jinkiri kafin canji ya iso, da tilascin yanke wa ke da ikon kowane reshe, tsakiya ko gida, don kada wakilin ya taka gyaran da mutum ya yi da hannu.

Idan wani rumbu ya iya abin da wani bai iya ba

Hanyoyi uku ne. Ka rage alƙawarin zuwa abin da mafi rauni ya iya, sai kowa ya talauce. Ka sa tutoci manhaja ta riƙa tambaya ko wannan rumbun ya iya kaza, sai rassan sharaɗi su cika kowace manhaja, kuma reshen da marubucinta bai gwada ba shi zai fashe. Ko kuma laburaren ya cike giɓin da kansa. Ta ukun nake bi, da iyaka: dunƙule da lambar juyi wajibi ne, rumbun da bai iya ba bai shiga ba. Sanarwar canji kaɗai na bari a matsayin zaɓi, inda babu ita laburaren ya riƙa duba lambar juyi duk bayan 'yan daƙiƙu. K3s, ƙaramin nau'in Kubernetes, ya nuna cewa cike giɓi na yiwuwa idan alƙawarin a fayyace yake: kine yana kwaikwayon ɓangaren etcd da Kubernetes ke buƙata a kan SQLite, MySQL ko PostgreSQL.

Batun loda rumbu a lokacin aiki da dlopen ko harhaɗa shi a ciki, ka fara da na ciki: teburin ayyuka, suna guda a saiti, shi ke nan. Dlopen yana ɗaure ka da tsarin da ba za ka ƙara iya canzawa ba, kuma duk wanda ya taɓa harhaɗa manhaja da glibc a cikinta (static) ya ga gargaɗin cewa getpwnam zai nemi laburaren NSS a lokacin aiki. Idan za ka bari a zaɓi rumbu ta saitin muhallin manhaja (environment variable) irin GSETTINGS_BACKEND, ka karanta shi da secure_getenv, don kada mai ƙaramin iko ya karkatar da manhaja mai babban iko zuwa rumbun da ya shirya.

Kada ka rufe ƙofar alƙawarin sai ka rubuta rumbuna biyu na gaske masu hali daban, fayil da SQLite misali, da na uku na ƙwaƙwalwa don gwaji. Gwaji ɗaya ne zai bi ta kansu duka: marubuta biyu da lamba ɗaya, dole ɗaya ya sha ƙi. Ƙima fanko da mabuɗin da babu, dole su bambanta. Faifai ya cika ana tsakiyar rubutu. Sai a kashe marubuci da kill -9 sau ɗaruruwa a wurare daban-daban, kowane karo a duba cewa birki da bango ko dai 1G da 2G ne, ko 3G da 4G.

Sauran abu guda shi ne ƙaura, domin ranar da mutum ya canza rumbu yana da bayanai a tsohon. Umarnin fitarwa da mayarwa da ka yi wa mai hanyar ceto shi ne motar ƙaurar, kamar yadda svnadmin dump da load suka kwashe ma'ajiyoyin Subversion daga Berkeley DB zuwa FSFS. Idan kuma ka zo yin ritayar wani rumbu, ka cire rubutunsa ka bar karatunsa na wasu sigogi. RPM 4.17 ya daina rubutu a Berkeley DB a 2021, amma ya bar ƙaramin mai karatu, bdb_ro, don na'urar da ta daɗe ba a sabunta ta ba ta iya buɗe tsohon rumbunta ta kwashe abin da ke ciki zuwa sabon.